Shawul Yana Wajen Aro

Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan dardumarta, bayan ta idar da sallar walha. Dukkanmu na Allah ne, ita dai aka fara kira. Bayan azahar aka kai ta maƙabartar Tarauni, maza suka dawo da laka har idon sawu, saboda da safen an sheƙa ruwa. Yayar mahaifinmu ce, kuma a gidanta na Gyaɗi-Gyaɗi aka yi zaman makoki, gidan da mijinta ya rasu ya bar ta a ciki.

Na sha zuwa ta'aziyya, na san abin da ake faɗa: ya haƙuri, Allah ya jiƙan rai, Allah ya sa ta huta. Duk an faɗa. Amma a makokin Gwaggo, da zarar mace ta gama gaisuwa ta gyara zama, sai ka ji ta shiga zancen saƙa. Wannan ta ce murfin fulas ɗinta Hajiya ce ta saƙa, waccan ta ce safar da ta tafi da ita Makka. Wata mata daga Darmanawa, wadda duk cikinmu babu wanda ya san ta, ta kwance bakin mayafinta ta fito da wata 'yar hula da ba ta wuce a sa wa lemon zaƙi ba.

"Bakwaini na haifa," in ji ta. "Ina zaune a barandar asibiti ina kuka, duk hulunan kasuwa sun yi masa yawa. Baiwar Allahn nan ta zo dubiyar wani, ta leƙa kansa sau ɗaya, ta zauna kusa da ni ta zaro zare a jaka. Wallahi kafin a sallami 'yan dubiya ta gama. Yaron nan shi ya tuƙo ni yau."

A waje, a rumfar maza, har da mai sayar da ulu na kasuwar Tarauni, ya rufe shago ya zo. Baffa, autan su Gwaggo, shi ya shigo ya ba mu labarinsa, yana dariya yana share ido da hannun riga. Wai mutumin ya ce shekara da shekaru Hajiya tana sa shi ya sauke duk wani zare ruwan ɗorawa da ke shagon, ta fita da su rana ɗaya bayan ɗaya, ta kara su da wani guntun zare da take ƙullewa a bakin zani, sannan ta ce, "Ba shi ba ne, amma kawo." Har ta koma ga Allah bai taɓa samo mata wanda ta yarda shi ne ba.

Can a lungun falo kuma, dab da ƙofar ɗakin Gwaggo, Malama ce zaune. Maƙwabciyarta ce ta katanga ɗaya, mutuniyar Filato, Kirista, tsohuwar malamar firamare. Tun kafin a haife ni suke tare. Kwana uku tana shigowa da sassafe da kular abinci, ta zauna har yamma, ba ta cewa komai sai amsa gaisuwa. Masu shigowa in sun gama da mu, wajenta suke zuwa su durƙusa, don ita ma mutuwar tata ce.

Ni kuwa kukan kirki ya ƙi zuwa mini. Kowa ya zo da labarin abin da Gwaggo ta ba shi. Ni abin da na hana ta nake da shi, yana ƙasan akwatina a gidana na Babban Giji shekara shida, kuma babu macen gidanmu da ke zaune a falon nan da ba ta san da shi ba. Zan zo kansa. Bari in fara da ita kanta, kada ya zama daga ni sai laifina na rubuta.

Bahaguwa ce. Ta sha duka a kan haka tana yarinya, har ta koyi ci da karɓa da bayarwa da dama kamar kowa, ta kuma yi aikin buga tafireta a sakatariya da hannu biyu. Amma kwarashi, ɗan ƙarfen nan mai ƙugiya da ake saƙa da shi, bai taɓa barin hagunta ba. "Dama ta mutane ce," take cewa, "hagu tawa ce." In ba ya hannunta, to yana soke a ɗankwalinta ta bayan kunne. Ta sha tayar da gida da nemansa, mu yara muna kallonsa a kanta muna ƙunshe dariya, har sai ta kai hannu za ta sosa kai.

Ba ta taɓa ɗaukar saƙa sana'a ba. Matan unguwa sun sha cewa ta riƙa kai wa masu shaguna a titin Gidan Zu, ta ce a'a. "In na fara sayarwa sai in fara sauri, ni kuma don in daina sauri nake yi." Sai dai kayan gidanta sun ga ta kansu. Talabijin da murfinta, rediyo da nata, fulas, hannun kujera, har rimot yana da riga. Baffa yakan gargaɗe mu kada mu daɗe zaune shiru a falon yayarsa, sai mutum ya miƙe ya ga an saƙa masa murfi.

Ta taɓa saƙa wa Baba hula koriya mai ɗan tuntu a sama. Don girmama yayarsa ya sa ta ya tafi masallacin Juma'a, abokansa suka tare shi suna tambayar yaushe za a yanka masa ragon suna. Daga ranar hular ta koma zama a aljihun mota. In ya zo gaishe ta, sai ya tsaya a ƙofar gida ya cire zannarsa ya sa ta, ya shiga da sallama kamar da ita ya wuni. Gwaggo ta sani sarai. Wata rana ta dube shi ta ce, "Hular nan akwai albarka, shekara bakwai ko rana ba ta taɓa ta ba." Baba ya sunkuyar da kai, dattijo mai furfura, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Abu ɗaya ne ba ta yafewa, a yi mata magana tana ƙirga. Ba za ta ce ka yi shiru ba. Muryarta kawai za ta riƙa ɗagawa, ashirin da huɗu, ashirin da biyar, kowace lamba ta fi ta baya ƙarfi, idonta a kanka, har sai ka haɗiye zancenka. Ko mijinta, Allah ya jiƙansa, in ya shigo ya ji lamba sai ya koma ya zauna a zaure.

Duk abin da ya same ta a rayuwa, ina iya tuna abin da take saƙawa a lokacin. Da aka kwashe tafireta daga ofis aka kawo kwamfuta, ta ajiye aiki ta dawo gida, wata uku tana kan wani farin mayafin tebur da bai da tebur ɗin da zai ɗauke shi. Da mijinta ya rasu, cikin takaba ta warware rigar sanyinsa ta mayar da ita safa ƙafa shida, ta aika wa tsofaffin da suke sahun gaba tare da shi a masallaci. Da yana ta fara rufe mata ido, ta bar siririn zare ta koma mai kauri, tana lalube da yatsa, ba ta ko kallon hannun. Mun yi ta fama a kai ta a yi mata aiki, sai da aka ce mata za ta sake ganin ramin allura sannan ta yarda.

Ina da shekara goma ta koya mini. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Uwata take ce mini. Da yake ni da dama nake aiki, ba ta zaunar da ni a gefenta ba, gabanta ta sa ni, gwiwa da gwiwa. "Uwata, ki ɗauka madubi kike kallo." Na yi kwana huɗu ina saƙa ɗan murfin kofi, na kawo mata ina taƙama. Ta juya shi, ta sa farce a wani rami can kusa da tsakiya inda na tsallake ɗaya, ta ce in warware. Na ce ai ba wanda zai gani. Ta ce, "Ke kin gani." Na warware ina kuka, ita kuma tana naɗe zaren a yatsa hankalinta kwance, tana cewa warwara ba ɓarna ba ce. Na ji wannan magana a bakinta ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin da na ji ta haushi take ba ni.

To, akwai shawul.

A gidanmu duk jaririn da aka haifa, a shawul ɗin Gwaggo ake fito da shi ranar suna. Guda ɗaya ne, ruwan ɗorawa, an saƙo shi daga tsakiya zuwa baki, launinsa zobe-zobe, wani ya fi wani turuwa. Yayanmu ya kwanta a ciki, na kwanta, ƙannena da 'ya'yan Baffa sun kwanta, jikoki suka biyo baya. Dokarsa kowa ya san ta: aro ne. Ranar da yaro ya fara rarrafe, Gwaggo za ta hau adaidaita sahu ta zo da kanta ta karɓa. In ta koma gida sai ta warware shi tas. Zaren ya fito a cukurkuɗe kamar gashin da aka tsefe, ta naɗe shi a bayan kujera, ta wanke, ta shanya a inuwa ta rataya masa buta mai ruwa don ya miƙe. Ta yanke inda ya ci, ta ƙulla sabo, ta jira. Ba a gaya mata ciki, balle na fari da ake ɓoyo don kunya. Ita ke kallon mace sau ɗaya ta ɗauko kwarashi. Mu har ta wannan hanya muke gane wadda ta samu: in ka ga ruwan ɗorawa a cinyar Gwaggo, sai ka fara waige-waige.

Ita kanta sau ɗaya ta haihu, mace, ta kwana tara a duniya. Duk mun san da haka, amma ba zancen da ake yi ba ne.

Ɗana na fari ya kwanta a shawul ɗin nan wata biyar. Yaro ne mai yawan dariya, in aka shimfiɗa masa shi sai ya zura yatsunsa a ramukan yana ja. Zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke shi. Bai yi rarrafe ba.

Aka kwashe kayansa aka yi sadaka da su, kamar yadda ake yi, ban hana ba. Shawul ɗin ne na riga kowa ɗaukewa na tura ƙasan akwati. Akwai wani gefe da yatsunsa suka buɗa ramukan suka yi faɗi, kuma yana ƙamshinsa. Da na rasa abin yi sai in kulle ɗaki in fito da shi.

Bayan wata guda Gwaggo ta zo Babban Giji. Ta gaisa da maigidana a waje, ta shigo ta zauna a bakin gado, ta sha ruwa. Matar yayanmu tana da tsohon ciki a lokacin, na san abin da ya kawo ta tun kafin ta buɗe baki.

"Uwata, shawul na zo karɓa."

Na ce, "Gwaggo, ai bai yi rarrafe ba."

"Na sani."

"Wa ma zai so a sa ɗansa a abin da wani ya mutu ya bari?"

"Mutuwa ba ta bin zare," in ji ta. "Ki kawo, akwai aikin da zan yi masa."

"Warware shi za ki yi."

"Warwarewa zan yi."

Taurin kai gadonmu ne, ita da ni duk wuri ɗaya muka ɗebo. Ta ce ita ma ta san abin da nake ji. Nan ne na faɗi maganar da har gobe in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Gwaggo, kwana tara ba wata biyar ba ne."

Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta dube ni, ta kai hannu ta gyara kwarashin da ke ɗankwalinta, ta ce, "Haka ne." Ta miƙe ta yi mini addu'a, ta sa takalminta ta tafi.

Ba ta sake tambayata ba. Ba ta kuma canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Da sallah kasona na nama yana zuwa, in na je gaishe ta Uwata ce dai. Na sha shirya ban haƙuri a adaidaita, in na shiga na gan ta tana ƙirga sai in ce bari ta gama, in ta gama kuma sai in ɗauko wani zance. Abu ɗaya ne ya canza. Da matar Yaya ta haihu, Gwaggo ta kai hula da safa da rigar sanyi, babu shawul. Inna, mahaifiyarmu, ta ce mata ga ulu nan cike da kasuwa, ta saƙa wani mana. Ta ce, "Shawul yana nan. Yana wajen aro." Haka ta amsa wa duk wanda ya tambaya, shekara shida. Yara biyar aka haifa a gidanmu a tsakanin nan, aka fito da su suna a tawul ɗin kanti. Cikinsu har da 'yata, wadda Allah ya ba ni daga baya. Shawul yana ƙasan akwati a ɗakin da take kwana, na kasa fito da shi in sa ta.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, Baba ya shigo cikin gida ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce za a haɗa kayan mamaciya kafin a raba gado, don haka duk wanda ya san akwai wani abu nata a hannunsa, aro ko ajiya, ko da cokali ne, ya kawo, kada a bar wa kai nauyi. Bai dube ni ba. Babu wadda ta dube ni, kuma wannan ya fi kallon ciwo. Ƙanwata, autarmu, tana jingine da bango da cikinta wata tara, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi.

Washegari da rana na ɗauko shi. Ban iya shiga da shi gidan Gwaggo ba, mutane sun yi yawa, sai na faɗa gidan Malama. Na same ta a baranda tana tsince shinkafa. Na ajiye ledar da na sako shi ciki a gabanta. Ta leƙa, ta ture tiren gefe.

"Kin kawo," in ji ta.

"Na kawo, Mama. Amma na makara."

Ta shimfiɗa shi a cinya tana shafawa, sai ta fara magana, ita da kwana uku amsa gaisuwa kawai take yi. Ta ce ita ta koya wa Gwaggo saƙa. Suna amare dukansu, Gwaggo da cikin fari tana ɓoyo, ta hango ta ta kan katanga tana saƙa, ta zagayo ta ce a koya mata, amma kada kowa ya ji. "Na yi, na yi, hannunta ya ƙi. Sai na lura bahaguwa ce, na ce zo ki zauna gabana." Ta sa yatsa a tsakiyar shawul ɗin, wani ɗan zagaye da bai fi tafin hannu ba, wanda ya koɗe har ya kusa zama fari. "Wannan shi ne na 'yarta. Ɗan ƙarami ta saƙa, duk a karkace. Bayan yarinyar ta koma, ta yi wata biyu ba ta taɓa shi ba. Ranar da ta ji mamanku na da ciki, ta shigo nan ta zauna inda kike, ta warware shi da hannunta. Ni na riƙe mata zaren."

Na ce ban taɓa sani ba.

"Hajiya ba ta bayani, ai kin san ta. Juya bayansa ki gani."

Na juya. A bayan akwai ƙulle-ƙulle ƙanana, an ɓoye bakinsu cikin saƙar. Na sha ganinsu, na ɗauka gyara ne kawai na inda zare ya ci. Malama ta ce a'a. Duk yaron da ya gama kwanciya a ciki aka dawo da shi, sai Gwaggo ta je kasuwa ta sayo sabon zare ta ƙulla da sunansa. In tsohon ya lalace tana yankewa, amma ba ta taɓa yanke na wani duka ba, ko kamu ɗaya ne sai ta bari. Ta bi su da yatsa tana faɗa mini: wannan yayanku, wannan ke, wannan ta Baffa ta fari. Ashirin da uku muka ƙirga.

"Na ƙarshen nan na wa ne?" na tambaya, alhali na san amsar.

"Na wanda ya riga naki. Sai an dawo da shi take ƙullawa."

Ta tashi da ƙyar, ta shiga ɗaki ta fito da wani gwangwanin biskit da na sani tun ina yarinya, wanda Gwaggo take zuba kwarasanta. Ta ce tun da jikin ya fara ƙi Hajiya ta kawo mata ajiya, ita ma yau za ta miƙa wa Baba. Ta buɗe. A ƙarƙashin almakashi akwai ɗan curin zare ruwan ɗorawa a cikin leda, sabo, ko takardarsa ba a cire ba.

"Tare muka je Tarauni ta sayo shi, ranar da za ta zo gidanki. Ta ce yaron bai yi rarrafe ba, amma ya kwanta a ciki, dole a sa shi."

Shekara shida ina ganin na riƙe ɗana. Ashe ni na hana shi shiga cikin 'yan'uwansa. Kukan da ya ƙi zuwa kwana huɗu, a barandar Malama ya zo, kaina a kan gwiwarta, tana bubbuga bayana tana cewa ya isa, ya isa, ita ma tana yi.

Da yamma muka kai wa Baba, shawul da gwangwani. Ya kira Baffa, tunda su biyu ne magadanta. Ba su ɗauki minti ɗaya ba. Baba ya ce wannan ba abin rabawa ba ne, sun bar shi ga gida. Sannan ya dube ni, karo na farko tun ranar uku, ya ce, "Ke ta koya wa, ko?" Na ce ni ce. Ya ce, "To ƙanwarki ba za ta jira ki ba."

Ranar Asabar na koma wajen Malama. Na yi sallar walha a gida kafin in fito, don na san hannuna zai yi gardama. Na nemo bakin zaren inda Gwaggo ta ɓoye shi, na kwance. Na daɗe riƙe da shi. Gefen nan da yatsunsa suka buɗa yana kallona, kuma na san da zarar na ja, babu sauran wani abu a duniya da ke da alamar hannunsa. Malama ba ta ce in yi sauri ba. Ta miƙo hannayenta biyu kawai, yadda ake yi in za a naɗe zare, ta jira.

Na yi bisimilla na ja.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne sauƙinsa. Ramukan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya da 'yar ƙara kamar ana taka busasshen ganye, ƙulli yana wucewa ta tsakanin yatsuna, Malama tana faɗin mai shi. Kafin azahar mun kai tsakiya. Na wanke, na shanya a inuwa, na rataya buta. Da ya bushe na ɗauko ɗan curin nan na cire masa takarda, na haɗa bakinsa da bakin na ƙarshe. Launin bai zo ɗaya ba, ya fi sauran haske. Na ƙulla, na kira sunan ɗana a fili, abin da na daɗe ban yi ba.

Kwana goma sha shida na yi ina saƙa, a gida, a ofis lokacin hutu, har a cikin adaidaita in an tsaya a danja. Hannuna ya manta da yawa. Sau uku ina tsallake rami can baya, sau uku ina warwarewa, ba wanda ya sa ni. Na fara da na 'yar Gwaggo a tsakiya kamar yadda take yi. Nawa ya karkata ta ɗaya gefen, tunda ni da dama nake yi, Malama ta ce ba komai, jariri ba ya duba wannan. Yaran nan biyar kuwa, har da tawa, ba su da ƙulli, don ba su kwanta a ciki ba. Na yi tunanin in ƙulla musu haka nan, na ga ƙarya zan yi wa zaren. Wannan laifina ne, kuma ba shi da gyara.

Ƙanwata ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna aka fito da shi a ruwan ɗorawa, Inna ta kalle shi ta juya ta shige ɗaki. Da jama'a suka ragu na zauna kusa da mai jego. Sabon zaren ya faɗo a bakin shawul ɗin, zobe na ƙarshe, daidai inda jaririn ya damƙe da hannu.

"Yaya, na gode," in ji ta.

Na ce, "Aro ne fa. Ran da ya fara rarrafe zan zo."

Ta yi dariya ta ce wallahi har muryar. Ba ta san na riga na je Tarauni neman zaren ɗanta ba, da guntun zare a bakin zanina, mai shagon ya sauke mini duk abin da yake da shi, na fita da su rana. Babu wanda ya yi daidai. Na ce ya kawo.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka makwancinta, ya sada ta da 'yarta ta kwana tara. Ban nemi gafararta ba tana raye. Ina fata ta tarar da nawa a can, ta gaya masa an sa shi.